Rajistar gyaran tsohon buzuki da koyon kiɗan Girkawa a Melbon

Asabar, 10 ga Mayu, 2025

Yau na karɓo buzukin daga hannun wata mata a unguwar Northcote, wadda take sayar da kayan mahaifinta bayan rasuwarsa, kuma mun daidaita a kan dala 280 ta Ostireliya. Da shi nake buɗe wannan rajista, domin in riƙa rubuta abin da aka yi, da abin da ya ci, da abin da ya rage. Aikin kashi biyu ne: a gyara abin kiɗan har sautinsa ya dawo, sannan in koyi kaɗa shi gwargwadon yadda zan iya zama a bayan makaɗan wata ƙungiyar Girkawa ta unguwar Oakleigh a nan birnin Melbon na Ostireliya a bikin da za su yi a tsakiyar Agusta. Maƙwabcina, wanda kakanninsa suka fito daga yankin Peloponisos, shi ya haɗa ni da su, kuma sun ce ba sa korar kowa matuƙar zai riƙa zuwa gwaji a kan kari.

Wanda bai taɓa ganin buzuki ba yana iya kawo garaya a ransa, sai dai ƙoƙonsa ba fafe shi aka yi daga itace guda ba, siraran katakai ne aka lanƙwasa aka manne su da gam, fuskarsa kuma katako ce maimakon fata. Wuyansa dogo ne, an gindaya masa ƙananan ƙarafa, tsirkiyoyinsa kuma na ƙarfe ne. Nawa mai tsirkiya shida ne, biyu-biyu a jeri uku, ana ɗaure su a kan muryoyin re, la, re na ma'aunin do, re, mi, kuma shi ne tsohon samfuri. Mai tsirkiya takwas, wanda ya fi yawa a gidajen biki yanzu, ya yaɗu ne a shekarun 1950 ta hannun Manolis Hiyotis, saboda ɗaurinsa ya yi kusa da na jita, yana kuma ba da damar gudun yatsu. Abin da na gani da idona: wuyan ya ɗan karkace, tsirkiyoyin sun yi tsatsa, biyu daga cikin makullan ɗauri sun cije, jakin kuma ya tsage.

Talata, 13 ga Mayu

Na kai shi wurin wani mai gyaran kayan kiɗa da aka yi mini kwatancensa. Ya ɗora ma'aunin ƙarfe a kan wuyan, ya nuna mini inda haske ke ratsawa ta ƙarƙashinsa, ya ce tsirkiyoyin da aka bari a ɗaure shekara da shekaru ne suka janyo wuyan gaba, kuma tsofaffin buzuki irin wannan ba su da sandar ƙarfe a ciki da za a murɗa a miƙar da su. Dole sai an cire ƙarafan wuyan, a fere allon yatsun ya daidaita, a sa sababbin ƙarafa, a sassaƙa sabon jaki. Kuɗin aiki dala 190, tsirkiyoyi kuma dala 24. Ya yaba ƙoƙon, ya ce mannensa bai saki ba ko ina, kuma zai kira ni a farkon watan gobe.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na je zauren ƙungiyar karo na farko, hannu rabbana, domin in ga abin da zan yi wa kiɗa tun kafin in fara koyonsa. Jirgin ƙasa na layin Pakenham ne ya sauke ni a Oakleigh, daga tasha kuma na ratsa ta Eaton Mall, inda dattawa ke zaune a teburan waje duk da sanyi, suna shan kofi suna hira da Girkanci. Wani daga cikinsu da ya ji daga Kano nake, nan take ya ambaci Leventis, ɗan tsibirin Kubrus da ya kafa kantuna a Afirka ta Yamma, ya yi ta murna kamar ya gamu da ɗan garinsu.

Girkawa sun daɗe a wannan birni. Babbar ƙungiyar al'ummarsu an kafa ta tun 1897, 'yan tsibirin Itaka kuma suka kafa tasu a 1916, amma yawancin waɗanda na tarar a zauren 'ya'ya ne da jikokin waɗanda suka zo bayan yarjejeniyar ƙaura ta 1952, lokacin da Ostireliya ke neman ma'aikata, Girka kuma ta fito daga mamayar Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin basasar 1946 zuwa 1949 ƙauyukanta a ragargaje. Kowane yanki ya kafa ƙungiyarsa a nan, 'yan Kirit da tasu, 'yan Ipiros da tasu, waɗanda asalinsu gaɓar Bahar Aswad ne da tasu, kuma kowace ƙungiya tana riƙe da rawarta da kayan kiɗanta. Saboda haka abin da baƙo ke kira rawar Girkawa, a wurinsu raye-raye ne masu yawa da ba a gauraya su.

Malamar da ke koyarwa ta fara da kalamatiyanos. Ana riƙe hannun juna a da'irar da ba a rufe ba, ana tafiya zuwa dama, na kan gaba yana riƙe da hankici tsakaninsa da na biyu domin ya sami damar juyawa. Takun goma sha biyu ne, uku-uku sau huɗu, kuma kowane uku ɗaya dogo ne biyu gajeru, domin kiɗan bugu bakwai ne da aka raba uku, biyu, biyu. Na lura yaran suna magana da juna da Ingilishi, amma ƙidayar taku da Girkanci suke yi. Na biya dala 100 na zangon gaba ɗaya.

Alhamis, 29 ga Mayu

Na sake zuwa kallo. Malama ta gabatar da ni ga wani dattijo da ya yarda ya koya mini a gidansa ranar Talata, kuma ya ƙi ko jin maganar kuɗi. Ina kiransa Baba, shi kuma yana ce mini ɗana.

Talata, 3 ga Yuni

Buzuki ya dawo daga gyara, kuma sautinsa ya ba ni mamaki, domin ƙoƙon ƙarami ne amma muryarsa tana cika ɗaki. Na saya masa akwati na hannu a kan dala 65, na wuce da shi gidan Baba kai tsaye.

Darasin farko bai taɓa waƙa ba. Baba ya sa ni riƙe ɗan robar kaɗawa tsakanin babban yatsa da manuni, ya ce motsin daga wuyan hannu yake fitowa, gwiwar hannu kuwa ta zauna wuri ɗaya. Daga nan ya shiga abin da suke kira dromi, wato jerin muryoyin da ake gina waƙa a kansu. Da ya fara lissafo sunayensu, Hijaz, Rast, Usak, Saba, sai na ga ba baƙi ba ne a kunnena, domin duk wanda ya saurari makaranta Alƙur'ani na Masar ya san yawancin waɗannan maƙamai. Amma akwai bambanci mai muhimmanci. A ud, wato molon Larabawa marar ƙarafan wuya, ko a muryar mutum ana iya sauka a tsakanin murya da murya, a buzuki kuwa ƙarafan wuya sun yanke hukunci, saboda haka Rast da Saba na buzuki kusantar na asali kawai suke yi. Hijaz ne ya fi fita da kamanninsa. A kan mai tsirkiya shida, hannun hagu yana hawa da sauka ne a kan jeri ɗaya na tsirkiya a tsawon wuyan, sauran kuma suna amsawa a sake, abin da ke ba tsohon salon nan gunjinsa. Aikin mako: hawa da saukar Hijaz daga re, a hankali, ba tare da kallon yatsu ba.

Asabar, 7 ga Yuni

Hidimar Babbar Sallah ta cinye ƙarshen makon, ban taɓa tsirkiya ba. Kan yatsun hagu sun fara yin kanta.

Talata, 17 ga Yuni

Rabin darasin yau ya tafi a tarihi, kuma na ga ya dace in rubuta shi, domin yana bayyana dalilin da ya sa kiɗan yake yadda yake. Iyayen Baba 'yan gudun hijira ne daga Simirna, wadda ake kira Izmir a yau. A Satumban 1922 birnin ya ƙone a ƙarshen yaƙin Girka da Turkiyya, a 1923 kuma yarjejeniyar Lozan ta tabbatar da musayar jama'a bisa addini, ba bisa harshe ba: Kiristoci kimanin miliyan 1.2 suka tsinci kansu a Girka, Musulmi kimanin dubu 400 kuma aka mayar da su Turkiyya. Da yawa daga cikin masu zuwan sun zauna a bukkoki a gefen tashar jiragen ruwa ta Pireyas, a unguwanni irin su Kokkiniya, inda aka haifi Baba. Sun zo da kiɗan gidajen kofi na biranen Daular Usmaniyya, mai ud da biyolin da santuri (akwatin tsirkiyoyi da ake bugawa da ƙananan sanduna) da doguwar waƙar kuka, suka tarar da kiɗan 'yan dako da 'yan gidan yari da masu zaman gidajen wiwi, wanda ake yi da buzuki da ƙaninsa baglama. Haɗuwar biyun ce ta ba da abin da ake kira rebetiko. Markos Vamvakaris, ɗan tsibirin Siros, shi ne ya fara fice da buzuki a faifai a farkon shekarun 1930, gwamnatin Metaksas da ta hau a 1936 kuma ta sa takunkumi a kan kalmomin waƙoƙin. Kiɗan da aka raina a wancan lokaci shi ne hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2017.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne rawar da 'yan ci-rani suka taka tun daga tushe. Marika Papagika, 'yar tsibirin Kos, a New York ta yi faifanta daga 1918, kuma faifan buzukin da Yowanis Halikiyas ya ɗauka a New York a 1932 yana cikin abubuwan da suka sa kamfanonin Atina suka yarda cewa wannan abin kiɗa zai sayu. Ke nan tun farko kiɗan yana fita waje ya dawo gida, ba a gida kaɗai ya girma ba.

Shi kansa Baba ya zo ne a 1964 cikin jirgin ruwan Patris, ta mashigin Suez kafin a rufe shi a 1967. Ya sauka a Station Pier, tashar jiragen ruwa ta Melbon, aka kai shi sansanin baƙi na Bonegilla kusa da Wodonga, daga nan ya sami aiki a masana'antar motoci. Ya ce ranar Asabar da dare kaɗai suke da ita, kuma a raye-rayen ƙungiyoyi ake samun labarin aiki da ɗakin haya da matar aure. Mun rufe da ɗan gajeren hasapiko, rawar bugu huɗu da ake dafa kafaɗa, wadda ake danganta asalinta da ƙungiyar mahautan Santambul.

Alhamis, 26 ga Yuni

Yau aka fara gwada ni a gaban masu rawa, kuma gwajin ya watse. Na shirya kalamatiyanos guda a gida tare da na'urar ƙidayar bugu ta waya, har na ga kamar ya zauna. A zaure kuwa, kafin da'irar ta zaga sau ɗaya, layin ya fara cin karo, na baya suna taka na gaba, Malama ta ɗaga hannu aka tsaya. Mai jitar da ke riƙe da kari ya bayyana matsalar: bugu ukun farko yana fita a gajarce, har bakwai ɗin yana neman komawa shida, saboda haka dogon takun da masu rawa ke jingina nauyinsu a kai ba ya samun wurin zama. Da na yi ƙoƙarin tsawaita shi, sai ya zarce ya koma takwas, wanda ya fi na farkon muni, domin rawar ta rikiɗe ta zama wata rawa daban da ake kira sirtos.

Malama ba ta tsaya dogon bayani ba. Ta ce in ajiye buzukin in shiga ƙarshen layin maza, domin a cewarta hannu ba zai kaɗa abin da ƙafa ba ta sani ba. Na yi sauran gwajin a tsaye, kuma a nan na ji abin da na'ura ba ta faɗa: a dogon takun jiki yana ɗan nutsewa a gwiwa kafin ya tashi, kuma wannan nutsewar ce makaɗi ke jira. Masu rawa ba sa ƙirga bakwai ko kaɗan, dogo, gajere, gajere suke ji. Shirin mako biyu masu zuwa shi ne in daina amfani da na'urar, in riƙa taka rawar a ɗaki ina rera karin da baki, sannan in zauna in kaɗa bugun kawai a kan tsirkiya a sake ba tare da waƙa ba.

Talata, 1 ga Yuli

Bugun kawai, daga farkon darasi har ƙarshensa. Baba yana tafa cinyarsa, ni ina bi.

Asabar, 5 ga Yuli

Da safe na buɗe akwati na tarar da tsaga a fuskar buzukin, daga gefen jaki zuwa ƙasa, tsawonta ya kai ɗan yatsa, kuma idan aka kaɗa jerin ƙasa sai a ji zizar da ba ta nan a da. Na sassauta tsirkiyoyin nan take na kai shi wurin mai gyara. Ya ce wannan ciwon hunturun Melbon ne: na'urar ɗumama gida tana busar da iskar ɗaki, katakon fuskar siriri ne kuma yana tsukewa, ƙoƙon da aka manne shi a kai kuwa ba ya bin sa, sai ya yage ta bin jijiyar itacen. Abin kiɗan ya shafe shekaru a gareji mai laima kafin ya shigo ɗaki mai ɗumi, saboda haka sauyin ya yi masa yawa.

Maganin shi ne a bar katakon ya sha laima har tsagar ta rufe da kanta, a zuba mata gam na fata mai zafi, a manna ƙananan faci daga ciki ta ramin sauti. Ya ƙi amfani da gam na zamani, domin a cewarsa wanda zai gyara bayansa ba zai iya kwance shi ba. Aikin dala 70 ne, na ƙara dala 30 na sayi ma'aunin laima da ɗan soso mai riƙe ruwa da ake ajiyewa a cikin akwati. Zan rasa abin kiɗan na kusan mako biyu, a daidai lokacin da bugun bakwai ya fara zama. Baba ya ara mini baglamarsa, wadda ɗaurinta ɗaya ne da na buzukina sai dai muryarta ta fi tsini, ƙarafan wuyanta kuma a matse suke har yatsuna suna cin karo.

Alhamis, 17 ga Yuli

Buzuki ya dawo, zizar ta tafi, tabon kuma sai an duba sosai ake ganinsa. Na raka masu rawa da bugu kawai a bayan mai jita, layin bai tsaya ba.

Alhamis, 24 ga Yuli

Ba a yi rawa da yawa ba yau, saboda gardama ta tashi a kan jerin kiɗan bikin, kuma na koyi abu daga gardamar fiye da yadda zan koya daga gwaji. Wani dattijo mai busa kilarino, wato sarewar Turawa mai kama da algaita, wanda matarsa 'yar ƙungiyar ce shi kuma ɗan Ipiros ne, ya ce rawar tsamikos ba da kiɗan buzuki ake yin ta ba. A ƙauyukan babban yankin Girka, kilarino da lawuto (wani molon Girkawa mai dogon wuya) da biyolin ne ke yi wa wannan rawa kiɗa, a hankali, da nauyi, domin na kan gaba ya sami sarari ya yi tsalle ya bugi takalminsa ya tsaya cak. Buzuki kayan birni ne, kuma a ganinsa ƙarancin makaɗa ne kawai ya sa a ƙasar waje ake ɗora masa komai, daga kiɗan tsibirai har na duwatsu. Ta fuskar tarihi gaskiya ya faɗa.

Sai wata budurwa da ta dawo daga hutu a birnin Kalamata na Girka ta ce abin da ta gani a bukukuwan ƙauyuka a can ya sha bamban da abin da ake koyarwa a nan. Manyan lasifikoki ne da madannin lantarki da ganga ta inji, kiɗan yana gudu, kuma 'yan'uwanta sun yi mata dariya cewa tana rawa irin ta kakarsu. Ita tana so a ƙara sauri a kawo sababbin waƙoƙi. Dattawan suka ji zafin maganar, ɗaya daga cikinsu ma ta ce in haka ne to Girkar gaskiya tana Oakleigh.

A nawa ganin duka ɓangarorin suna bayyana abu guda ne daga gefe biyu. Waɗanda suka bar ƙauyukansu a shekarun 1950 da 1960 sun taho da salon wancan lokaci, suka killace shi a zaure, suka mayar da shi darasi mai malami da kayan ado da ƙidayar taku, domin shi ne abin da za su iya miƙa wa 'ya'yansu. Waɗanda suka zauna a gida ba su da wannan tsoro na rasawa, saboda haka suka bar abin ya sauya yadda ya ga dama. Ba na ganin na nan a matsayin kwafi, kuma ba na yarda cewa na can ya lalace. Sai dai makaɗin da zai zauna a wannan zaure dole ya san cewa saurin kiɗa a nan magana ce ta zuciya, ba ta gwaninta ba. An rabu a kan cewa kilarino zai ja tsamikos, buzuki ya ja hasapiko da zeibekiko, rawar mutum ɗaya, kalamatiyanos kuma a haɗu, sannan a bar wa matasa sa'ar ƙarshe su sa abin da suke so ta lasifika.

Talata, 5 ga Agusta

Baba ya fara nuna mini zeibekiko, ko da yake ba ni zan kaɗa shi a bikin ba. Bugu tara ne, biyu, biyu, biyu, uku, a hankali, kuma sunansa daga Zeibek ne, mayaƙan duwatsun yammacin Anatoliya. Mutum ɗaya ne ke yin sa, ba shi da ƙayyadadden taku, abokansa kuma suna durƙusawa a gefe suna tafa masa. A tsohuwar al'ada wanda ya nemi waƙar ya biya makaɗa shi kaɗai ke da filin har ta ƙare, kuma shiga masa fili cin mutunci ne. Ya ja kunnena cewa kada in rikita shi da sirtaki da baƙi suka fi sani, wanda aka ƙirƙira domin wani fim a 1964.

Daga nan muka shiga waƙoƙin zaman baƙunta, waɗanda suke kira na ksenitiya. Sun girmi ƙaurar Ostireliya da ƙarnuka, domin mazan Ipiros sun daɗe suna barin duwatsunsu su tafi neman kuɗi, kuma a waƙoƙin gargajiya ana jera rabuwa da gida tare da mutuwa da maraici. A shekarun 1960 muryar Stelios Kazantzidis ce ta ɗauki wannan jigo ga ma'aikatan da suka tafi Jamus da Beljiyam da Ostireliya. Baba ya fassara mini wasu baitoci, ya ce jikokinsa suna rawa da su a biki suna dariya, domin ba su san cewa uwa ce ke kukan ɗanta a ciki ba. Bai faɗi haka da fushi ba. Ya ce gara su taka ba su fahimta ba da su zauna a kujera.

Alhamis, 14 ga Agusta

Gwajin ƙarshe da makaɗa duka. Tsirkiyar sama ta tsinke wajen ɗauri, na sauya jerin gaba ɗaya da sababbi, dala 24, kuma za su buƙaci kwana biyu kafin su daina saki.

Lahadi, 17 ga Agusta

An yi bikin jiya da dare. Ranar 15 ga Agusta ce Kiristocin Otodoks ke tunawa da rasuwar Nana Maryamu, bayan azumin mako biyu da ba a cin nama a cikinsa. A Girka wannan tsakiyar lokacin zafi ne, mutanen birni suna komawa ƙauyukansu, ana rawa a dandali har asuba. A nan kuwa hunturu ne, saboda haka an yi shi a rufaffen zaure, an jera riguna masu nauyi a bakin ƙofa, an gasa rago a bayan gini ƙarƙashin rumfa saboda yayyafi.

An zaunar da ni a bayan babban mai buzuki, makirufona a ƙasa-ƙasa, aikina riƙe bugu da amsa ƙarshen jimla. Kalamatiyanos ya tafi daidai, kuma na gane cewa kallon ƙafar na kan gaba ya fi amfani da sauraren sauran makaɗa, domin amsa-kuwwar zauren tana jinkirta sauti. Matsalar ta zo a hasapiko: tafin jama'a ya riƙa tura mu gaba har saurin ya kusa ninkawa, hannun damana ya ƙage, na koma kaɗa bugun farko kaɗai har aka gama. Mai jita ya ce wannan yana faruwa da kowa, maganinsa kuma shi ne makaɗa su riƙa kallon juna su ƙi bin tafi. Sanyin da ke shigowa duk lokacin da aka buɗe ƙofa ya sa na yi ta gyara ɗauri tsakanin waƙa da waƙa. Dattijon Ipiros ya ja tsamikos a hankali yadda yake so, aka yi masa liƙi sosai, kuma budurwar da ta yi gardama da shi ce ta riƙe wa na kan gaba hankici.

Talata, 19 ga Agusta

Lissafin kuɗi zuwa yau: sayen buzuki 280, gyaran farko 190, gyaran tsaga 70, tsirkiyoyi 48, akwati 65, kayan laima 30, kuɗin zaure 100, jimla dala 783, ban da kuɗin jirgin ƙasa da kofin da nake kai wa Baba.

Mataki na gaba shi ne taron 28 ga Oktoba, ranar da Girkawa ke tunawa da ƙin amincewa da wa'adin Italiya a 1940. Malama tana so in ja kalamatiyanos guda da kaina, daga buɗewa har rufewa, saboda haka Baba zai fara koya mini taksimi, wato gabatarwar da makaɗi ke yi shi kaɗai ba tare da bugu ba, a kan Hijaz tukuna sannan Usak. Hannun dama yana buƙatar aikin juriya na kullum domin abin da ya faru a hasapiko. Makullan ɗauri biyun da suka cije tun farko sun soma zamewa, kuma mai gyara ya ce sabon jeri zai kai dala 60, wanda zan jinkirta zuwa albashin Satumba. Na kuma yi rajistar ajin Girkanci na manya na yammacin Laraba, domin in daina dogara da fassarar Baba wajen sanin inda jimlar waƙa take ƙarewa da inda ya kamata buzuki ya amsa.